Shekarar da Na Toshe Yoyon Jif ɗin Baba

Akwai labarin da kuke bayarwa a kaina, ku 'ya'yana, na daɗe ina ji ina yin shiru. Kwanan baya na ji babbanku yana ba abokansa shi a garejinmu na Apo, har da ƙarin gishiri, wai ubansa tun yana saurayi ya dawo daga Kaduna ya tarar da motar da ta gagari kowa, ya tashe ta a wuni guda. Gaskiya ne na tashe ta. Amma ba ta gagari kowa ba, kuma ba labarin alfahari ba ne. Kakanku da gangan ya ajiye motar nan, domin idonsa ya fara tafiya, ba ya kuma so a sani. Yoyon man da akwatin sitiyarinta ke yi shi ne abin da ya fake da shi. Ni ban sani ba, na zo da rawar jiki na gyara. Yanzu da na wuce shekarun da yake da su a lokacin, gara in rubuta muku yadda aka yi kafin ku ƙarasa mayar da shi tatsuniya.

Wusen da nake faɗa ba wannan da kuka sani ba ce mai koren tasi da cunkoson 'yan kasuwa. Ƙauye ne a gindin dutse, gonakin doya ta ko'ina. Gbagyi ne masu gari, mu Hausawa 'yan gidaje ne, sai Fulani da ke sauka da shanunsu a bayan gari. Ba wanda ya taɓa mafarkin babban birni. In ka ce Abuja a lokacin, garin sarki kake nufi, wanda yanzu ake kira Suleja, can ne babbar kasuwa take, can ne asibiti. Hanyar kuwa, in ruwa ya sauka, sai mota mai ja da ƙafa huɗu. Kakanku yana da irinta, tsohuwar jif mai rufin tamfol da ya samu a gwanjon motocin gwamnati bayan ya bar tuƙin babbar mota. Da ita ake kai doya kasuwa, da ita ake kai mai naƙuda in abu ya gagari ungozoma. Sunansa Mamman, amma ko yaran gari Direba suke ce masa, shi ma in ba ka haɗa da Direban ba sai ya yi kamar bai ji ba. Mutum ne mai tsafta da jin kansa. A bakin rafi yake wanke motar da hannunsa, kuma a nan ɗan baƙin ƙudan nan na bakin ruwa ya yi shekaru yana cizonsa. Da farko ƙaiƙayi ne, sai fatar ƙwauri ta yi dabbare-dabbare, daga baya ya hau ido. Ƙasar nan tamu ta yi makafi da yawa ta wannan hanya, sai dai manoma da masunta aka saba gani, ba direba ba.

Sai kun san wani abu game da gidanmu kafin ku gane yadda na yi wannan makanta tawa. Ni ne ɗan fari, kuma iyayena sun riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba sa kiran sunana, ba sa kallona ido da ido, ba sa zama hira da ni. Inna in tana so in ci abinci, kaji take gaya wa cewa tuwo na hucewa. In na yi laifi, bango take yi wa faɗa, ni kuma in tsinci nawa a ciki in na ga dama. Baba da ya tura ni Kaduna koyon gyaran mota sai ya samu sauƙi, ya laƙaba mini Makaniki, rabi zolaya rabi yabo. Ku da kuke zama kan kujera ɗaya da ni kuna ƙwace mini rimot ba za ku gane ba. Ba ƙiyayya ba ce, so ne da ba a yarda ya fito fili ba. Amma a gida irin wannan, magana mai nauyi ba ta da ƙofar da za ta bi ta iso ga ɗan fari.

Bayan yaƙin basasa ne, ina dab da gama koyo, wani dillalin doya da ke zuwa ƙasarmu saye ya tsaya a garejin ogana a gyara masa birki. Ya ƙare mini kallo.

"Kai ne ɗan Mamman Direba na Wuse?"

Na ce ni ne.

"Ashe kana da rai. Motar ubanka tana ajiye tun kakar bara. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce sitiyari ke yoyo, ɗansa na Kaduna zai aiko da kayan gyara. An ce ɗan abu ne da bai kai bakin kofi ba. Mata sun koma dakon doya a kafaɗa. Ana zaginka a garinku, samari."

Ba wanda ya aiko mini da saƙon komai. Na ɗauka a hanya ya ɓata, don lokacin saƙo a bakin direbobi yake tafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. A ranar na nemo oyil-sil, wato zoben robar da ke hana mai fita, na jefa a aljihu, na roƙi oga ya sallame ni, na haɗa 'yan sifanuna na hau motar Minna.

Na tarar da Baba zaune kan tabarma a gindin mangwaron ƙofar gida, jif ɗin a gefensa tana ƙyalli kamar gobe za ta yi tafiya. Ashe haka yake yi kullum. Da safe ya goge ta, ya ɗaga bonet ya ƙara wa akwatin man giya, ya gyara zaman gwangwanin da ke tare ɗigon a ƙasa, sannan ya zauna. Mai wucewa ya ce, "Direba, yaushe za a tashi?" Shi kuma ya kira sunan mutumin ya ce, "Kaya na hanya." Da murya yake gane su, ba wanda ya lura. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri bayan kafaɗata. Ban kawo komai a raina ba, ai dama bai taɓa kallona ba. Na ciro sil ɗin na sa masa a tafin hannu, ina jiran ya yi murna. Ya daɗe yana zagaya shi da babban yatsa.

"Ka yi ƙoƙari, Makaniki," ya ce. "Ajiye tukuna. Akwatin nan ba a buɗe shi da garaje, akwai ranarsa."

Na ji kamar ya mare ni. A kunnena cewa ya yi bai yarda da hannuna ba, har yanzu yaro yake gani. Na yi kwanaki ina zagaya motar ina haɗiyar haushi, mutanen gari kuma suna bi na da kallon wanda ya yi watsi da ubansa. Sai aka yi rasuwa a Garki, Baba ya ce za shi ta'aziyya ya kwana. Tare suka tafi da amininsa Tanko, wani manomi Bagbagye da suka taso tare. Na tsaya ina kallonsu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, Tanko yana ta mita, wai hanyan nan dutse ya yi yawa, ga rami kuma a hagu, mutane ba sa gyara komai. Har na yi dariya, na ce tsohon nan da surutu. Ban gane jagora yake yi ba.

Suna ɓacewa na tuɓe riga na shiga ƙarƙashin mota. Sitiyarin wancan zamani ba irin naku ba ne mai famfo da ake juyawa da yatsa ɗaya. Akwati ne na ƙarfe a ƙarshen sandar sitiyari, cike da man giya, a ciki akwai ƙarfe mai zare da 'yan ƙwallayen boris suna bin zaren. Daga jikinsa wata sandar ƙarfe da muke kira shaf ta fito, an ɗaure mata hannun da ke tura tayoyin gaba hagu da dama. Ta inda shaf ɗin ya fito man ke bi yana ɗiga. Hannun nan ya kafe, na jiƙa shi da kananzir, na tokare guduma ɗaya a bayansa na dinga bugu da ɗaya har ya saki. Na sauko da akwatin, na shimfiɗa tsohon buhu don kada ƙwallayen su watse cikin ƙasa, na buɗe. Tsohon sil ɗin ya bushe ya tsattsage kamar diddigen manomi. Shaf ɗin ya ɗan ci a wurin da suke goga, na bi shi da samfefa mai laushi da ɗan mai har ya yi santsi. A nan na ga abin da ya kamata ya tsayar da ni. Yoyon bai kai a ajiye mota ba. Direban da ya san hannunsa zai yi shekaru yana ƙara mai yana tafiya, Baba ma da haka yake tafiya tun ina gida. Na lura sarai, sai na ce a raina tsufa ne ya sa masa tsoro.

Inna ta fito bakin zaure da faifai a hannu, ta watsa wa kaji dusa.

"Mai mota dai bai ce a taɓa masa mota ba," ta ce da kajin.

Na yi kunnen uwar shegu. Can da rana ta sake fitowa.

"Wasu ba su san abin da ake ciki ba. Da za su bari mai gida ya dawo, da ya fi."

Na shiga sallar azahar na fito, babbar sifanata ta ɓace. Na duba ko'ina, sai a ƙarƙashin turmi na same ta. Na ɗauka aikin yaran maƙwabta ne. Ashe Inna ce ta ɓoye ta. Iyakar abin da baiwar Allah ta iya yi ke nan, domin Baba ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, ga kuma kunyar da ke tsakaninmu. Ni kuwa lokacin mutane sun fara taruwa a kaina, kaina ya kumbura. Na kafa sabon sil a hankali da guntun katako don kada ya karkace, na yanka wa bakin murfin gaskit daga kwali don ya like, na manna ƙwallayen da giris ɗaya bayan ɗaya, na mayar da komai, na ɗaure notin sama har lilon sitiyarin ya tafi ba tare da ya yi tauri ba. Na cika shi da mai, na goge ƙasan tas, na ja motar na zagaya gari yara suna bi na da gudu. Na dawo na kai hannu, a bushe. Na ɗauke gwangwanin nan na yi jifa da shi cikin ciyawa, mutane suka yi ta sa mini albarka.

Washegari da la'asar Baba da Tanko suka dawo. Tun daga bakin gari aka tare su da albishir. Ina tsaye ina murmushi na ga Tanko ya ja ya tsaya, ya kalle ni, ya kalli ƙasa.

"Motar ya gyaru?" ya ce a hankali. "To. To."

Baba kuwa fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya zo ya dafa bonet, ya sunkuya ya shafa ƙasan akwatin, ya murza yatsunsa, ya kai hanci. Ya ce madalla. Nan take manoma suka ce gobe kasuwar Abuja ke ci, doyarsu ta fara tsiro a rumbu, da sassafe za su kawo kaya, Direba ya kai su. Ya ce Allah ya kai mu. Na kwanta ina jin ba wanda ya kai ni.

Gari ya fara wayewa ina alwala a tsakar gida, sai na ji an ce, "Haruna."

Har na waiga ko baƙuwa muka yi. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta tana kallona ido cikin ido.

"Ubanka ba ya gani," ta ce. "Tun bara. Haske da inuwa kawai suka rage masa. Ya sa na rantse, ga shi na karya, Allah ya yafe mini. Na san halinsa, in mutanen nan suka taru zai iya hawa ya ja su don kada ya ji kunya, ga gangaren rafi a hanya. Je ka mayar da ita yadda ka same ta."

Duk abin da na gani tun zuwana ya dawo mini sabo, kallon bayan kafaɗa, mitar Tanko, sifana a ƙarƙashin turmi. Na yi salla ban san abin da na karanta ba, na ɗauki sifana na fita. Niyyata in sassauta notunan murfin akwatin, man ya zubo ya yi tafki, in ce sil ɗin bai hau ba. Na kwanta ƙarƙashin motar, na kafa sifana a noti na farko, sai na ji murya daga sama.

"Me aka manta, Makaniki?"

Ashe yana zaune a kujerar direba cikin tamfol, ban san tun yaushe ba.

"Ta gaya maka ke nan," ya ce. "Fito."

Na fito na durƙusa a gefen ƙofar. Na ce, "Baba, ɗan sassautawa zan yi. Sai mu ce sil ɗin ba nata ba ne, in koma Kaduna neman wani. Ba wanda zai sani."

"Sai a ce ɗan Mamman ya yi shekaru a Kaduna ya dawo bai iya sa zoben roba ba. Garin nan ba sa mantuwa, ba wanda zai sake ba ka ko keke ka gyara. Jiya na ji yadda suke kiran sunanka. Ni da ba na iya kira, na ji daɗi. Tun bara nake sa ana zaginka a kan saƙon da ban aika ba. Ya isa haka."

Na ce to ya gaya wa mutane ya gaji, ya bar mini tuƙin, ai ba abin kunya ba ne.

"In ce na gaji, gobe wani ya miƙo mini hannu in kama iska?" Ya shafa sitiyarin. "Ba wai har abada zan ɓoye ba. So nake in saba da duhun tukuna. In san hanyar masallaci da ta kasuwa da ƙafata, in iya zuba ruwa a buta ba tare da ya zube ba, kafin a fara jana da sanda. Da an kai kaka da na gama koyo. Amma kai ba ka yi laifi ba, aiki aka tura ka ka koyo, ka kuma koyo. Miƙo sifanar."

Na miƙa masa, ya tura ta ƙarƙashin kujera. Na yi kuka a wurin, shi kuma ya yi kamar bai ji ba.

Kafin hantsi ƙofar gidanmu ta cika. Mata suka yi ta sauke ƙoren doya daga kafaɗa, maza suna lodi, har da wasu Fulani biyu masu zuwa sayen kanwa. Aka gama ɗaure kaya, kowa ya samu wurin zama. Har lokacin ban san abin da zai yi ba. Baba ya tayar da injin, ya saurare shi, ya juya sitiyarin har ƙarshe ta hagu, ya dawo da shi har ƙarshe ta dama.

"Ku shaida," ya ce da ƙarfi, "aikin nan ya yi. Tun ranar da na sayi motar nan ban taɓa jin sitiyarinta haka ba."

Aka yi ta cewa madalla. Sai ya buɗe ƙofa ya sauko, ya bar injin yana aiki.

"Jama'a, ba yoyo ne ya ajiye motar nan ba. Idona ne, ya tafi. Ku yafe mini wahalar da na ba ku. Daga yau ɗan nan zai ja ku. Tanko, kana ina? Zo ka kama ni."

Tanko ya fito daga cikin mutane, ya kama shi a wuyan hannu a gaban kowa. Daga nan gaisuwa ta fara, irin wadda ake yi wa mara lafiya. Sannu, Malam Mamman. Allah ya sawwaƙe, Malam Mamman. Wasu har suna ɗaga murya kamar kunnen ne ya tafi. Na kasa kunne ko wani zai ce Direba, ban ji ba. Sai wata tsohuwa da ya sha kai wa kaya ta zaro doya ɗaya daga ƙwaryarta, ta je ta ajiye a gabansa, kamar yadda ake ajiye wa makafin bakin kasuwa. Da zuciya ɗaya ta yi. Ya taɓa ta da ƙafa.

"Mene ne wannan, Tanko?"

Tanko ya ce, "Doya ne. Wata mata ya kawo maka."

Na kalli Baba. Mutumin da ko goro ka ba shi sai ya rama maka kafin rana ta faɗi. Na zaci zai ce a mayar mata. Ya tsaya har na ji kamar in nutse a ƙasa, sannan ya juya inda yake zaton tana tsaye, ya ce, "Allah ya saka da alheri." Ya ɗan karkato wajen motar ya ce, "Makaniki, rana na yi."

Na hau na ja. Ban san yadda muka isa kasuwa ba.

Ya yi 'yan shekaru bayan nan, yawancinsu a zaure, bai sake zama gindin mangwaron ba. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, Inna ma ba ta sake kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Na san ko ban zo ba ranar nan tana zuwa, na kuma san mata sun huta da dako, masu naƙuda sun samu mota. Duk na sha gaya wa kaina wannan. Amma 'yan watanni kawai mutumin nan ya roƙa, ya shirya kansa, ya fito wa mutane a tsaye da ƙafarsa, ni kuma na hana shi su da hannuna ina murna. Wannan baƙin cikin bai taɓa barina ba. Na yi shekaru da jif ɗin nan, na bi laka da duwatsu da ita har ta mutu, akwatin bai sake ɗigar da mai ba ko sau ɗaya. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai shi kyau ba, kuma da za a mayar da ni ranar da na iso Wuse, da sil ɗin nan a aljihuna zai ruɓe.